Madina: Inda Ruwan Ƙazantar Birnin Ke Nufa

A kowace shekara miliyoyin mutane ne kan ziyarci birnin Madina na ƙasar Saudiyya, cikinsu har da dubun dubatar alhazai daga Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru, waɗanda da yawansu kan sauka a dogayen otal-otal na unguwar Markaziyya, daf da Masallacin Annabi (SAW). Ƙalilan ne daga cikinsu kan tsaya su tambayi inda ruwan alwala da na wanka da na bayan gida ke nufa bayan ya shige ƙasa. Amma wannan tambaya ta daɗe tana ci wa hukumomin ruwa na ƙasar tuwo a ƙwarya, musamman a ranakun da hadari ya haɗo a kan duwatsun da ke kewaye da birnin.

Da farko dai shi kansa ruwan da ke fitowa daga famfo a Madina ba na banza ba ne. Ruwan saman da birnin ke samu a shekara bai cika wuce milimita 60 ba, abin da Kano kan samu a kwana biyu ko uku idan damina ta kankama. Rijiyoyi da idanun ruwan da suka shayar da mutanen da, irin su rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya yi waƙafi da ita, da magudanar Ainuz Zarƙa da aka haƙa a zamanin Mu'awiya, sun daɗe da gaza ɗaukar nauyin birnin, wanda ƙidayar shekara ta 2022 ta nuna cewa mazaunansa sun kai kimanin miliyan 1 da dubu 400. Tun farkon shekarun 1980 ake tace ruwan Bahar Maliya a garin Yanbu'u, a cire masa gishiri, sannan a turo shi ta bututu tafiyar fiye da kilomita 200, yana hawan tudu har tsayin mita 600 bisa doron teku. Ruwan da aka sha wannan wahala a kansa shi ne kan koma ruwan ƙazanta cikin 'yan mintoci, da zarar an buɗe famfo.

Shimfiɗar ƙasar Madina ta karkata ne daga kudu zuwa arewa. Manyan kwarurruka uku da sunayensu suka shahara a littattafan tarihi, wato Baɗhan wanda ya ratsa birnin, da Aƙiƙ ta yamma, da Ƙanat wanda ya bi ta gindin dutsen Uhudu, duk sun haɗu ne a arewacin gari, daga nan su zuba cikin kwarin Hamdu da ke dosar Bahar Maliya. Bututan ƙazanta ma wannan gangare suka bi, shi ya sa babbar matatar ruwan ƙazanta ta birnin take a yankin Khulail da ke arewa.

A matata irin wannan, ana fara tare tsummoki da robobi da ƙarafuna da raga, a bar yashi ya kwanta, sannan ruwan ya shiga manyan kwatarniyoyi na siminti inda ƙazanta mai nauyi ke nutsewa. Daga nan sai a kai shi wasu tafkunan da ake hura musu iska ba dare ba rana, domin ƙwayoyin bakteriya su cinye sauran dattin da ya narke. Wannan dabara wasu masana biyu, Ardern da Lockett, suka fito da ita a birnin Mancesta na Ingila a shekara ta 1914, kuma har yanzu ita ce ƙashin bayan yawancin matatun duniya. A ƙarshe a tace ruwan da yashi, a kashe ƙwayoyin cuta da sinadarin kulorin ko makamancinsa. Ta wannan fuska ba a da wata babbar matsala, domin ilimin ya zauna. Wahalar tana wurare biyu ne: ranar da ruwa ya fi ƙarfin bututu, da kuma lakar da ke saura bayan an tace ruwan.

A tsofaffin biranen Turai, bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan sama da na bayan gida, kuma da gangan aka yi masa kafofin da zai amayar da abin da ya yi masa yawa cikin kogi. Birnin Landan ya yi fama da wannan gado na ƙarni na 19 har sai da ya haƙa wani ƙaton rami mai tsawon kilomita 25 a ƙarƙashin koginsa, wanda aka gama haɗa shi da tsofaffin magudanun a 2025. A Saudiyya kuwa tsarin daban ne. Bututan ƙazanta na Kamfanin Ruwa na Ƙasa ne, wanda aka kafa a 2008, yayin da magudanun ruwan sama ke hannun hukumar birni. A kan takarda, hanyoyin biyu ba sa haɗuwa.

A zahiri kuwa sukan haɗu. Idan aka shekara ba a ga ruwan kirki ba, sai kuma a yini ɗaya ya sauko kamar da bakin ƙwarya a kan duwatsu da baƙaƙen marmara da kwalta, waɗanda ba sa shan ruwa, nan da nan tituna kan zama ƙoramu. Haka aka gani a watan Janairun 2005, lokacin da ambaliya ta yi sanadin asarar rayuka a yankin Madina, haka kuma aka sake gani a ƙarshen watan Afrilun 2024, sa'ad da hotunan masallata cikin ruwan sama a harabar Masallacin Annabi suka karaɗe duniya, kwarurruka kuma suka cika suka batse. A irin wannan rana, mai shago ko mai gida da ya ga ruwa na shirin shigar masa ƙofa yakan ɗauko ƙarfe ya ɗage murfin bututun ƙazanta da ke kan titi, domin ruwan ya sami hanya. A ganinsa ya taimaki unguwa. Kamfanin ruwa kuwa kusan duk lokacin da aka yi hasashen ruwan sama sai ya ja kunnen jama'a game da wannan ɗabi'a, saboda ruwan da ya ɓace daga wannan titi yakan ɓullo ne a wata unguwa da ke gangare, ta bakin wani murfin ko ta cikin ban-ɗakin wani bawan Allah, wannan karon gauraye da najasa.

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna girman abin. Ruwan sama na milimita 20 idan ya sauka a fili mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya, ya tashi kubik mita dubu 20, kowace kubik mita kuwa lita dubu ce, wato duro biyar. Ke nan abin da zai sauka a kan murabba'in kilomita goma kacal ya kai abin da babbar matata ke iya tacewa a yini guda cur. Ko kaso kaɗan ne daga ciki ya kutsa bututun da ba a yi shi domin haka ba, to an shiga uku. Injinan tura ruwa kan gaza, yashi da tsakuwa su toshe hanya, a can matata kuma igiyar ruwan kan kwashe ƙwayoyin bakteriyar da aka yi makonni ana reno ta fice da su. Ma'aikata sai su zaɓi ɗaya cikin biyu: ko su bar ruwan ya lalata musu tafkuna, ko su karkatar da wani sashensa ya wuce ba tare da an gama tace shi ba. Maganin da injiniyoyi suka sani shi ne gina manyan tafkunan ajiya da za su riƙe rarar ruwan na ɗan lokaci, a riƙa sakinsa sannu a hankali bayan an ɗauke. Sai dai shawo kan mai riƙe da baitulmali ya kashe kuɗi a kan tafkin da zai yi aiki kwana biyar a shekara ba ƙaramin aiki ba ne, a ko'ina cikin duniya.

Abin sha'awa shi ne wannan matsala tana da tsohon tarihi a Madina. Ɗaliban fiƙihu sun san labarin rijiyar Buda'a, wadda sahabbai suka tambayi Annabi (SAW) hukuncin alwala da ruwanta saboda ƙazantar da ke faɗawa ciki. Malamai masu sharhi, irin su Khaɗɗabi, sun bayyana cewa ba da gangan mutane ke zuba shara a rijiyar da suke sha ba. Rijiyar tana wuri ne mai gangare, sai ambaliya ta kwaso ƙazantar hanyoyi ta tura ciki. A wancan zamani mutane kan fita bayan gari ne, wani fili da ake kira Manasi'u, domin biyan buƙata, kafin a soma gina masai kusa da gidaje.

Ba sai da ruwan sama kaɗai bututu ke amai ba. Birnin da ke ciyar da baƙi shinkafa da nama dare da rana yana zubar da maiƙo mai ɗimbin yawa, wanda kan daskare a jikin bututu, ya haɗu da tsummokin goge jiki da ake jefawa a masai, ya toshe hanya. Shi ya sa doka ta tilasta wa gidajen abinci su sanya akwatin tare maiƙo kafin ruwansu ya shiga bututun gari. Zafi ma yana da nasa ta'adin. A watannin da ma'aunin zafi kan haura digiri 43, ƙazanta kan ruɓe tun tana kan hanya, ta fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda kan rikiɗe ta zama sinadari mai cin siminti, kuma takan kashe ma'aikacin da ya shiga rami ba da kariya ba. Ga kuma unguwannin da bututu bai kai ba, domin a farkon shekarun 2020 kimanin kashi 60 cikin 100 ne na jama'ar Saudiyya ke haɗe da bututan ƙazanta. Sauran sun dogara ne ga ramin sokawe da suke kira bayyara, da tankokin kwasa da suke kira wayit. Abin da ke tsiyaya daga waɗannan ramuka da bututan da suka tsage yana taruwa a ƙarƙashin gari. Masu bincike na Jami'ar Ɗaiba da ke Madina sun wallafa wani nazari a 2016 a kan yadda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke tasowa a tsakiyar birnin, inda manyan gine-gine ke da ɗakuna hawa-hawa a ƙarƙashin ƙasa. Abin mamaki ne a ce garin da ke sayen ruwa daga teku yana fama da ruwa a gindin gine-ginensa.

Darasin da ya fi girgiza hukumomin ƙasar dai daga Jidda ya zo. Shekara da shekaru ɗaruruwan tankoki ke juye ƙazantar birnin a wani kwari da ke gabashinsa, har ta zama tafki guda, wanda mutanen gari cikin ba'a suka raɗa wa suna Tafkin Miski. A ranar 25 ga watan Nuwamban 2009, ranar da alhazai ke fita Mina, ambaliya ta hallaka mutane fiye da 120 a Jidda, aka kuma shiga fargabar cewa madatsar da ta tare tafkin za ta ɓalle ta malalo kan unguwanni. Allah ya kiyaye ba ta ɓalle ba, amma marigayi Sarki Abdullah ya ba da umarnin a ƙafar da tafkin, aka kuma kammala hakan a 2010. Tun daga lokacin maganar inda ake kai ƙazanta ta daina zama abin da ake jin kunyar ɗagawa a jaridun ƙasar.

To, sai batun laka. Duk abin da aka cire daga ruwa bai ɓace ba, yana nan kwance a gindin kwatarniya, tare da tarin bakteriyar da suka ci suka hayayyafa. Larabawa na kiran wannan baƙar laka ham'a, kalmar da masu karatun Alƙur'ani za su gane, domin tushenta ɗaya da wadda aka siffanta yumɓun da aka halicci ɗan Adam da ita. Lokacin da aka zuƙo ta, fiye da kashi 95 cikin 100 nata ruwa ne. Ana barinta ta yi kauri, a matatun da ke da hali kuma a rufe ta cikin manyan tankuna marasa iska a zafin da ya yi daidai da na jikin mutum har kimanin mako uku, inda takan ragu, warinta ya lafa, ta kuma ba da iskar gas da za a iya ƙonawa a sami wutar lantarki. Bayan nan a matse ta da inji. Duk da haka, abin da ke fitowa kamar tuwo yake, kashi huɗu cikin biyar nasa ruwa.

Injiniyoyi kan ƙiyasta cewa mutum ɗaya na haifar da busasshiyar laka giram 60 zuwa 80 a rana. Idan aka bi wannan ma'auni, mutum miliyan ɗaya na nufin tan 60 zuwa 80, wanda idan aka haɗa da ruwan da ke jikinsa ya tashi tan 300 zuwa 400, wato lodin tifa goma sha biyar zuwa ashirin a kowace rana ta Allah, ba Juma'a ba Sallah. Shi ruwa yana da kwarin da zai bi. Ita laka sai an ɗauke ta a mota, kuma sai an sami wanda zai karɓa.

A da can manyan birane a teku suke zubar da ita, har Amurka ta daina a 1992, Birtaniya kuma a 1998. Yanzu hanyoyin da suka rage su ne binnewa a juji, ko ƙonawa, ko mayar da ita taki. A Saudiyya an daɗe ana kai mafi yawanta juji, domin fili ba ya wuya a hamada. Amma mutanen Madina sun ɗanɗana abin da juji ke iya haifarwa. A ƙarshen shekarun 2000 mazauna Hamra'ul Asad, wurin nan da ke kudu maso yammacin gari wanda ya shahara a tarihin abin da ya biyo bayan yaƙin Uhudu, sun kai ƙara gaban kotun koke-koke ta Diwanul Mazalim a kan wani juji da ake zuba dagwalon masana'antu, suna masu cewa ya gurɓata musu rijiyoyi da gonaki. Wancan dagwalon masana'antu ne, ba lakar matata ba, amma alaƙar a fili take. Idan dagwalon majema ko na ƙere-ƙere ya sami hanyar shiga bututun gari, dalma da sauran ƙarafa masu guba a cikin laka suke taruwa, kuma lakar da ta ɗauki guba ba ta da amfani a gona har abada.

Ko lakar gidaje zalla ma tana da abin tsoro. Ƙwan tsutsar ciki kan yi watanni, wani lokaci shekaru, yana raye a cikinta, kuma birnin da ke karɓar baƙi daga kowace kusurwar duniya yana karɓar cututtukan cikinsu tare da su. Wani binciken na Jami'ar Ɗaiba ya gano ɓurɓushin magunguna irin su farasitamol da maganin ciwon sukari a ruwan ƙazantar birnin. Sai dai a nan Madina na da wata baiwa da biranen Turai ke saye da tsada, wato rana. Idan aka shimfiɗa laka a rumfunan gilashi ana juya ta, zafin rana kaɗai kan busar da ita ta koma gari, nauyinta ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a sami sauƙin sufuri, ta kuma dace da ƙonawa a masana'antar siminti ko haɗawa da tarkacen dabino a yi taki.

Ta fuskar shari'a an daɗe da warware batun ruwan. A shekara ta 1978 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya, a zamanta na Ɗa'ifa, ta ba da fatawar cewa ruwan ƙazanta yana tsarkaka idan aka tace shi har launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa suka koma na asali, matuƙar ba zai cutar da lafiya ba. A shekara ta 2000 aka kafa dokar sake amfani da tataccen ruwa, wadda ƙa'idojinta suka shafi laka ma. Gwamnati ta ɗora wa kanta burin sake amfani da kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake tacewa nan da 2030, alhali a farkon shekarun 2020 abin bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. A Madina an daɗe ana sakin rarar a kwarin Hamdu, inda ta zama ƙorama mai gudu rani da damina a tsakiyar hamada.

Batun taki kuwa ya fi sarƙaƙiya. Shahararren ra'ayi a mazhabar Hambaliyya, wadda ta fi rinjaye a Saudiyya, shi ne amfanin gonar da aka yi wa taki da najasa ba ya halatta sai an shayar da shi da ruwa mai tsarki har alamar ta gushe, ko da yake wasu malaman mazhabar sun saɓa. Malikiyya kuwa, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaihu Khalil da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun lissafa irin wannan shuka cikin abubuwa masu tsarki. Baya ga hukunci, akwai kasuwa. Manomin da ke sayar da dabinon ajwa ga alhazai da tsada ba zai so a ji cewa da lakar matata ya yi taki ba, komai ingancinta. Don haka ake ganin kasuwar farko ta wannan taki ita ce itatuwan gefen hanya da wuraren shaƙatawa, musamman ganin shirin dasa itatuwa biliyan goma da ƙasar ta ƙaddamar a 2021.

Ga mutumin Kano wannan ba baƙon zance ba ne. Manoman karkarar birnin sun yi ƙarnoni suna kwasar takin gari a kan jakuna, masu aikin yashe masai da ake yi wa laƙabi da gidan kowa da akwai kuma sun san gonakin da ke maraba da kayansu, yayin da masu lambu a gefen Jakara ke ban ruwa da abin da ya gangaro daga gari. Sanin darajar abin dai akwai shi. Abin da babu shi ne tacewa, kuma sakamakon yakan bayyana a shekaru irin 2021, lokacin da cutar kwalara ta hallaka mutane fiye da 3,500 a Najeriya, akasarinsu a jihohin Arewa.

A 'yan shekarun nan hukumomin Saudiyya sun karkata ga 'yan kasuwa. A ƙarshen 2020 aka ba wani rukunin kamfanoni da ya ƙunshi Saur na Faransa da Miahona na Saudiyya da Manila Water na Filifin kwangilar shekaru bakwai ta gudanar da harkar ruwa da bututan ƙazanta a yankunan Madina da Tabuka. A 2021 kuma kamfanin Acciona na Sifaniya tare da Tawzea da Tamasuk suka sami kwangilar gina sabuwar matata mai suna Madina 3, su kuma gudanar da ita shekaru 25. An tsara ta tace kubik mita dubu 200 a rana, da damar faɗaɗa ta zuwa dubu 375, domin hidimar mutane kimanin miliyan ɗaya da rabi. Wannan zai rage wa tsohuwar matata nauyi. Amma kowace sabuwar matata ƙarin laka ce, kuma ba ta hana mai shago ɗaga murfi.

Akwai kuma wani abu da kalanda ke tafe da shi. Ƙasar na son adadin masu Umara ya kai miliyan 30 a shekara nan da 2030, mafi yawansu kuwa sukan ziyarci Madina. Ruwan saman birnin yakan sauka ne galibi tsakanin watan Nuwamba da Mayu, shekarar Hijira kuma tana ja da baya da kwana goma sha ɗaya a kowace shekara. Watan Azumi ya riga ya shiga wannan zango, a 2025 cikin watan Maris aka yi shi. Aikin Hajji ma, wanda aka shafe shekaru ana yi cikin tsananin zafi, zai kai watan Afrilu a 2029, daga nan ya ci gaba da kutsawa cikin hunturu, kamar yadda yake a 2005 da 2009. Ke nan cikin shekaru masu zuwa, makonnin da otal-otal na Markaziyya suka fi cika, bututai kuma suka fi ɗaukar kaya, su ne makonnin da aka fi sa ran kwarin Baɗhan da na Aƙiƙ su kawo ruwa.